Hukuncin Hayar Fadama da Tsadarta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, tun shekarar 2015 da aka buɗe shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, fadamar gulbin Rima ta yi daraja ƙwarai. Daga Gwadangaji har Argungu, filin da a dā ake ba maƙwabci aro yanzu sai da kuɗi, kuɗin kuwa kullum hawa suke yi. Ga kuma man injin ban ruwa da ya yi tsada tun cire tallafi a ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati ta 2023.

To, hayar ƙasa da kuɗi sanannu, zuwa lokaci sananne, halal ce. Amma akwai abin da mutane da yawa suka gafala daga gare shi. A mazhabar Imamu Malik ba a hayar ƙasar noma da abinci, ko da abin da take tsirarwa. Saboda haka mai fili da ya ce a biya shi buhunan shanshera bayan girbi, ya sani malamanmu sun hana, domin ya zama kamar sayar da abinci da abinci a jinkirce, ba a san yawan ɗaya ba. Haka kuma idan ruwa ya shafe filin har lokacin shuka ya wuce, babu haya a kan manomi. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san wannan ba zancen littafi kaɗai ba ne.

Hadisin Ibnu Abbas ya nuna ba wa ɗan'uwa aron gona ya fi karɓar haya alheri. Ba tilas ba ne, amma ina masu neman fifiko?

Hukuma ma da nata nauyi. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen karkara ga ƙananan hukumomi, amana ce kuwa, ba ganima ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ta'alimur Radi kan yadda ake mallakar ƙasa. Ya kamata masu rabon fili su nemi a karanta musu shi kafin su ƙara wa talaka ko sisi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin jinginar gona.