Wa'adin Shugaban 'Yan Albasa

A kasuwar Adjamé da ke Abijan akwai wata ƙungiyar 'yan albasa, galibinsu mutanen Tawa da Maraɗi. Dokarsu ta ce shugaba ya yi wa'adi biyu ya sauka. Wanda ke kai ya cika nasa, kuma ba mai kuka da shi. Shi ya samo musu sito, shi ke tashi tsakar dare in an tsare motar kaya daga Galmi.

Ana saura mako guda zaɓe, ɗan ƙanwarsa ya same shi bayan isha'i.

"Kawu, mun yi shawara. Za mu sake rubuta dokar, lissafi ya koma farko. Ai haka aka yi a ƙasar nan."

Shugaban bai ce uffan ba. Washegari ya ja yaron suka haye gada zuwa Treichville, wajen wani dattijo da ya yi dako a tashar jiragen ruwa tun zamanin Houphouët-Boigny.

Dattijon ya saurara, sannan ya ce, "Ɗana, haka aka yi, amma ka ji sauran labarin. A watan Maris na 2020 shugaban ƙasa Alassane Ouattara ya ce ba zai sake tsayawa ba. Da wanda ya tsayar, Amadou Gon Coulibaly, ya rasu a watan Yuli, sai ya dawo. Majalisar kare tsarin mulki ta ce kundin 2016 ya share wa'adin baya. Ya ci zaɓe, amma gwamnati da bakinta ta ce mutum 85 sun mutu a rikicin zaɓen."

Yaron ya ce, "Baba, ai ya yi aiki. A kan gada muka zo, mun hango wadda ya gina."

"Wa ya ce bai yi ba? Shugaba Tanja ma ya yi aiki a gida Nijar. Talakawa na sonsa. A 2009 ya ce a ƙara masa shekara uku ya ƙarasa abin da ya fara, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki don tazarce. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi ana tsakiyar taron ministoci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku gyara dokar nan don kawunka mai kirki; ranar da mugu ya hau, da me za ku sauke shi?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

Ranar taro, tun kafin a buɗe da addu'a, shugaban ya ajiye littafin kuɗi da makullin sito a kan tabarma, ya ce ba ya takara. Wasu suka yi ta roƙo, wani har da hawaye. Bai canza ba.

Aka zaɓi wani matashi ɗan Madawa. A watansa na farko lissafin kuɗin sito ya rikice masa, 'yan ƙungiya suka fara gunaguni. Tsohon shugaban ya rufe rumfarsa da la'asar, ya je ya zauna da shi, suka bi littafin layi-layi har suka gano inda kuɗin ya maƙale.