Dillalan Tafiya Cikin Waya

'Yan'uwa na Kucheri da Tsafe, da yawa cikinmu suna marmarin ganin Urushalima. Ga kuwa dillalai cikin waya suna tallar tikitin jirgi da araha, suna cewa a aika kuɗi yau kafin kujera ta ƙare. Mu tuna da Gibeyonawa: da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa suka ruɗi Joshuwa, gama Isra'ilawa suka duba guzurinsu, ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Hoton tikiti ma irin wannan guzuri ne. Tun 2007 gwamnatin tarayya tana da hukumar Kirista masu ziyara. Kada mu sayar da gero ko saniya sai dattawan ekklesiya sun tambaye ta, kamfanin jirgin kuma ya shaida lambar tikitin.