Gare Ku, Masu Haɗa Sauti

Ya ku mazauna ƙananan situdiyo na Zoo Road a Kano, da takwarorinku na Kaduna da Jos! Mawaƙi ya shigo ya rera ya kama gabansa, ku kuwa ku kwana kuna daidaita muryarsa da kiɗan fiyano, ga gurnanin janareta, ga zafi, fanka kuma a kashe don kada iska ta shiga makirfo. Waƙa ta yi tashe, ba mai tambayar wa ya haɗa ta.

Akwai maganar da ake kashe muku gwiwa da ita: wai kayan aikinku ba su kai ba, kuma mai sauraro ma a lasifikar waya zai ji, to wahalar ta mece ce? Kada ku yarda. Kundin waƙoƙin mawaƙiya Billie Eilish na farko, wanda ya fita a 2019, a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka ɗauke shi, a gidan iyayensu da ke Los Angeles. A 2020 kundin ya lashe kyautukan Grammy, har da ta ingancin sauti. Ita ma lasifikar Yamaha NS-10 ta 1978, don masu sauraro a gida aka ƙera ta, ba ta samu karɓuwa ba. Manyan situdiyon duniya suka rungume ta saboda ba ta rufa wa kuskure asiri. Kunnen ma'aikaci shi ne babban jari, kuma kuna da shi.

Abin da ke cutar aikinku wani abu ne daban: gasar ƙara. Mawaƙi ya tsaya a kanku yana cewa, “Oga, ƙara mata wuta, ta wane ta fi tawa tashi.” Sautin kwamfuta kuwa yana da rufin da ba ya wucewa. Idan aka matse waƙa har ta dunguri rufin nan, bugun kalangu ya rasa kaifinsa, murya ta shaƙe, kunne ya gaji tun kafin amshi na biyu. Ba ku kaɗai wannan cuta ta kama ba. A 2008 ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta fitar da kundin Death Magnetic a matse har yana tsatsagewa, dubban masoyanta suka sa hannu a takardar koke, wasu suka koma sauraron wanda aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero don ya fi daɗin ji. Yau kuma gasar ba ta da riba, domin Spotify da YouTube suna sauke waƙar da ta cika ƙara zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS. Wadda aka matse ta fito a laɓe, wadda aka bar mata sarari ta fito da ƙarfinta.

Ku tuna wa kuke yi wa aiki. Bahaushe baiti yake bi. In bai ji kalma ba, waƙa ba ta shige shi ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe mutane shekara da shekaru. Sannan akwai mai amfilifaya da manyan lasifikoki a falonsa, wanda duk wani tsaki da kuka bari zai ji shi tar.

Saboda haka ku fito da murya fili. Ku gwada aikinku a waya, da abin kunne, da lasifikar Adaidaita Sahu kafin ku sallame shi. Ku ajiye ainihin aikin a WAV, kada MP3 na masu turi ya zama shi kaɗai ya rage wa na baya. Ku sassauta ƙara lokacin aiki, domin jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Kuma kada waƙa ta bar situdiyonku sai an biya ku haƙƙinku, an rubuta sunanku a jikinta.