Ɗan kallo ko shaida?

Duk mai waya da ɗan data a yau yana riƙe da finafinan gaskiya da ba zai gama kallonsu ba ko da zai shekara ɗari. Ina nufin waɗanda ba wasan kwaikwayo ba ne, waɗanda ake kira dokumentari. Akwai na namun daji da muryar David Attenborough, akwai na Yaƙin Duniya na Biyu, na Fir'aunonin Masar, na 'yan ƙwallo, na 'yan damfara, na masu kisan gilla a Amurka. Wani minti 20 ne, wani kashi goma. Iyayenmu majigi suka sani: mota ta shigo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna abin da hukuma ta ga dama, noman auduga ko rigakafi ko rangadin Sardauna. Su an zaɓa musu. Mu kuwa an ce mu zaɓa da kanmu.

Tambayar da ke damuna ba ta yawan finafinan ba ce. Idan jarumi ya mutu a fim ɗin Kannywood, da an ce a tsaya zai tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida. Amma uwar da ke kuka a fim ɗin gaskiya, bayan na kashe wayata na kwanta, ɗanta bai dawo ba. To, ni da na kalle ta, mene ne ni? Ɗan kallo ne, irin na bakin dambe, wanda ba a bin sa bashin komai? Ko shaida ne, wanda gani ya ɗora masa wani nauyi?

Sana'ata rubuta manhaja ce, saboda haka na san yadda na'ura ke amsa wannan tambaya. Tun 2012 YouTube ya mayar da hankali kan tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana kallo wajen zaɓar abin da zai nuna masa gaba. Netflix kuwa har hoton da ke kan fim yana iya sauya wa kowane mutum gwargwadon abin da ya saba latsawa. Na'urar ba muguwa ba ce, ba ta dai da inda za ta rubuta hawaye. Abin da take ƙirgawa mintuna ne. Wanda ya kalli gawarwaki na minti 40 yana kuka da wanda ya kalla yana cin gyaɗa, lamba ɗaya suke a wurinta. Shi ya sa za ka ga fim ɗin yunwa jere da na girke-girke, a layi ɗaya, girman hoto ɗaya. A wurin manhaja kowa ɗan kallo ne, kuma sannu a hankali tana koya mana mu ɗauki kanmu haka.

Sai dai ba zan yarda da masu cewa kallon wahalar mutane duk nishaɗin banza ne ba. A 2018 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC, Africa Eye, ya fitar da Sweet Sweet Codeine, wanda Ruona Meyer ta gabatar. An nuna yadda ake fitar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, an nuna matasa ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Ba a yi mako ba gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi. Ba wai ba a san matsalar ba ne kafin nan. Kowace unguwa ta san kwalaben da ke cikin kwatarta. Gani ne ya kori ji. Waɗanda suka kalla suka yi magana, maganarsu ta yi yawan da ba za a toshe kunne ba. Nan kallo ya zama shaida.

Shekara huɗu bayan haka abin ya fi wuyar yanke hukunci. A Yulin 2022 Africa Eye ta fitar da The Bandit Warlords of Zamfara, inda Yusuf Anka, ɗan jihar, ya shiga daji ya zauna da 'yan bindiga, ciki har da Ado Aleru. Trust TV ma ta yi nata fim ɗin kan ta'addancin daji. Gwamnati ta ce wannan kambama 'yan ta'adda ne, kuma a watan Agusta hukumar NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, ta ci wasu kamfanonin talabijin na tauraron ɗan'adam irin wannan tara saboda sun nuna fim ɗin BBC. Ni a ganina tarar kuskure ce, domin ƙasar da ba ta son ganin fuskar mai kashe ta ba za ta san yadda za ta tare shi ba. Amma ƙorafin ba fanko ba ne gaba ɗaya. Ɗan bindigar da ya zauna gaban kyamara ya gyara rawani ya san abin da yake yi. Shi ma yana son 'yan kallo.

Mu mutanen Kaduna mun ga ƙarshen wannan hanya. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022, waɗanda suka sace fasinjojin sun riƙa fitar da bidiyonsu, har da wanda ake dukansu. Babu ƙarya a cikin hotunan. Amma wa ya riƙe kyamarar, kuma me yake so? Yana so bidiyon ya isa kowace waya, domin farashi ya tashi. Duk wanda ya tura shi gaba a WhatsApp, ko da da kyakkyawar niyya, ya yi wa mai garkuwa aikin ɗan aike kyauta. Ga kuma iyalan waɗanda ke ciki, su ma suna roƙon a yaɗa don kada a manta da 'yan'uwansu. Wanda ya ce amsar nan mai sauƙi ce, bai taɓa samun nasa a daji ba.

Saboda haka kasancewar hoto gaskiya bai isa ya wanke mai kallo ba. Ko a kotu, ba a karɓar shaida don kawai mutum ya ce ya gani. Ana tambayarsa inda ya tsaya, da abin da ya kare masa gani. Wannan tambaya ta biyu ita ce ta fi shafar garinmu.

Ina zaune a Barnawa, kudu da kogi. Kowa ya san yadda rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka raba Kaduna: Musulmi da yawa suka tattara suka koma Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci da yawa suka tsallako zuwa Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwan Romi. Masaƙun Kakuri, inda a da mutanen kowane ɓangare ke tsayawa gaban inji ɗaya, sun rufe ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun da suka biyo baya. Gadoji suna nan, ana tsallakawa kullum don aiki da kasuwa. Wayoyinmu ne ba sa tsallakawa. Manhaja tana ba mutum irin abin da ya saba kallo da abin da makamantansa ke kallo, ke nan kowane ɓangare ana kawo masa nasa mamatan. Wani ya haddace labarin ɗaliban makarantar Bethel Baptist fiye da 100 da aka sace a Yulin 2021, wani ya haddace na masu Mauludin Tudun Biri da jirgin soja maras matuƙi ya hallaka a Disamban 2023. Dukansu gaskiya suka gani. Kowannensu yana jin shi shaida ne, alhali rabin fili aka nuna masa, kuma yawan zaɓin da ke gabansa ne ya sa bai lura da hakan ba.

Akwai wani tsohon fim da aka yi a garin nan a 2006, The Imam and the Pastor, wanda Alan Channer ya shirya kan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 suna ɓangarori biyu masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna. Fim ɗin ba shi da kiɗan tayar da hankali, ba shi da jinin da zai riƙe mutum a kan allo, don haka da wuya na'ura ta kawo maka shi sai ka rubuta sunansa da hannunka. Abin da ke cikinsa shi ne asara biyu a hoto ɗaya: mai hannun roba yana zaune, wanda aka kashe wa malami yana gefensa, kowanne yana ba da labarinsa ɗayan yana saurare.