Mace a Madadin Sarki: Kama Ake Nema ko Amana?



Akwai tambayar da ta cancanci mu zauna mu dube ta da idon basira: me ke sa mutum ya zama wakilin wani? Kamannin da ke tsakaninsu ne, ko amanar da aka ɗora masa? Za mu nemi amsar a ƙasashen da ke da sarki amma mulki yana hannun zaɓaɓɓu, inda aka daɗe ana naɗa mata su zauna a madadin mai sarauta.

Bari mu fara da yadda tsarin yake. Sarkin Ingila shi ne kuma sarkin wasu ƙasashe masu 'yancin kansu, kamar Kanada da Ostireliya da Niyuzilan da Jamaika. Bayan fitar Barbados a 2021, sun rage 14 ban da Birtaniya. Tun da ba ya zaune a cikinsu, kowace ƙasa tana da wakilinsa da ake kira Gwamna-Janar. A mafi yawansu Firayim Ministan ƙasar ne ke ba da suna, sarki ya naɗa, galibi na kimanin shekara biyar. Aikin wakilin shi ne sa hannu a dokar da majalisa ta zartar, da buɗe zaman majalisa, da rantsar da ministoci, da rushe majalisa idan zaɓe ya zo. Kusan duk wannan da shawarar Firayim Minista yake yinsa. Mu nan Gana mun taɓa zama a ƙarƙashin wannan tsari: daga samun 'yanci a 1957 har zuwa 1 ga Yuli 1960 da muka zama jamhuriya, Elizabeth ta Biyu ce sarauniyar ƙasar, kuma Charles Arden-Clarke, daga baya Lord Listowel, su suka wakilce ta a Ankara.

To, a nan ne abin lura yake. Elizabeth ta hau gadon sarauta a 1952, amma sai a 1981 aka sami mace ta farko da ta zama Gwamna-Janar, wato Minita Gordon ta ƙasar Belize. Shekara 29 ke nan maza zalla suna riƙe wannan muƙami a madadin mace, kuma ba a ga hakan ya ɓata wakilcinsu ba. Kafin ita, an yi wata likita, Hilda Bynoe, da ta zama gwamnan tsibirin Girenada a 1968, lokacin bai sami cikakken 'yanci ba. Bayan Gordon sai ƙofa ta buɗe: Jeanne Sauvé a Kanada a 1984, Nita Barrow a Barbados da Catherine Tizard a Niyuzilan a 1990, Quentin Bryce a Ostireliya a 2008. Da sarauniya ta rasu a 2022 ɗanta Charles ya gaje ta, sai lamarin ya juya: Mary Simon a Kanada da Cindy Kiro a Niyuzilan suka wayi gari suna wakiltar namiji, ba tare da an sauya komai a aikinsu ba.

Ka ga ashe hujjar kama ta faɗi. Da kamanni ke tabbatar da wakilci, da babu namijin da ya cancanci tsaya wa sarauniya. Mu ma a rayuwarmu ta yau da kullum mun san haka. Wanda ake aika wa kuɗi daga Jamus ya sa ido a kan ginin ɗan'uwansa a Nima ko a Kumasi, ba a tambayar ko sun yi kama da mai kuɗin. Abin da ake tambaya shi ne: an ba shi izini? Ya san iyakar izinin? In ya ga kuɗi a hannunsa zai tuna ba nasa ba ne? Wakilci aro ne, kuma mai kayan aro ana auna shi da yadda ya mayar da su.

Wani zai ce: ai kujerar ado ce, shi ya sa ake sakar wa mata ita, ana riƙe mulki na gaske. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata mu kau da kai daga gare ta ba. Kanada ta naɗa Sauvé a 1984, amma mace ba ta zama Firayim Minista ba sai Kim Campbell a 1993, ita ma wata huɗu da 'yan kwanaki ta yi. Naɗi ya fi zaɓe sauƙi, domin mutum ɗaya ne ke yanke shawara. Sai dai kiran kujerar ado ya wuce gona da iri. A ranar 11 ga Nuwamba 1975, Gwamna-Janar na Ostireliya, John Kerr, ya sallami zaɓaɓɓen Firayim Minista Gough Whitlam bayan majalisar dattawa ta hana kuɗin gudanar da gwamnati. Har yau mutanen ƙasar ba su gama gardama a kan abin da ya yi ba. Wato akwai takobi a cikin kuben, ko da an shekara da yawa ba a zare shi ba.

Saboda haka jarrabawar wannan kujera ita ce kame kai, kuma mata sun gamu da ita kamar yadda maza suka gamu. Ga misalai uku.

Na farko, Michaëlle Jean, wadda aka haifa a Haiti, ta shiga Kanada tana yarinya 'yar gudun hijira a 1968, ta zama Gwamna-Janar a 2005. A Disamba 2008 jam'iyyun adawa suka haɗa kai za su kayar da gwamnatin Stephen Harper, wadda ba ta da rinjaye a majalisa. Harper ya je wurinta ranar 4 ga wata ya nemi ta dakatar da zaman majalisa kafin a jefa ƙuri'ar. In ta ƙi, ta saɓa wa al'adar bin shawarar Firayim Minista. In ta yarda, ta taimake shi ya kauce wa wakilan jama'a. Sun shafe kimanin awa biyu kafin ta amince, aka ɗage zama zuwa 26 ga Janairu 2009. Masana sun rabu a kan hukuncin, amma abu ɗaya ya fito fili: ba ta mayar da sa hannunta abin banza ba, ba ta kuma mayar da kanta mai zaɓar wa ƙasa gwamnati ba. Majalisa ta dawo, ita ta yanke makomar gwamnatin.

Na biyu, Quentin Bryce. 'Yarta tana auren ɗan siyasa Bill Shorten. Da aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar adawa a Oktoba 2013, sai ta nemi ta ajiye aiki don kada a zargi kujerar da son kai. Firayim Minista Tony Abbott bai karɓa ba, ta ci gaba har Maris 2014. Babu laifin da ta aikata, amma ta gane cewa mai riƙe da amana bai isa ya ce zuciyarsa fara ce kawai ba, sai ya toshe ƙofar zargi tun kafin a ƙwanƙwasa.

Na uku ya zo da akasin haka. Julie Payette, wadda ta je sararin samaniya sau biyu, an naɗa ta a Kanada a 2017. A Janairu 2021 ta yi murabus bayan wani bincike ya gano ma'aikatan fadarta suna aiki cikin tsangwama da wulaƙanci. Ilimi da shahara ba su hana faɗuwarta ba, kuma zamanta mace bai jawo faɗuwar ba, bai kuma kare ta ba. Ma'auni ɗaya ne ga kowa, kuma wannan shi ne adalci: kada a hana mace don mace ce, kada kuma a yafe mata abin da ba za a yafe wa namiji ba.

Saura suka mafi nauyi. Yaya jikar bayi ko 'yar asalin ƙasar da aka mamaye za ta tsaya a madadin rawanin da ya mallaki kakanninta? Mary Simon, wadda aka naɗa a 2021, 'yar ƙabilar Inuit ce, mutanen da suka sha wuya a hannun hukumar Kanada. Amsa ɗaya ita ce wakilin yana ɗauke da sunan sarki, amma haƙƙin da yake tsarewa na mutanen ƙasar ne da tsarin mulkinsu. Barbados ta nuna haka. Sandra Mason ta zama Gwamna-Janar a 2018, kuma ita ta karanta jawabin gwamnati na 2020 da ya bayyana aniyar rabuwa da sarauta. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 aka rantsar da ita shugabar ƙasa ta farko, bayan majalisa ta zaɓe ta. Ba ta ci amanar sarauniya ba, domin a wannan tsari sarauta kanta tana nan ne da yardar jama'a, kuma Charles, yana yarima a lokacin, ya halarci bikin.

'Yan'uwa, kaɗan ne daga cikinmu za su taka irin waɗannan fadoji, amma babu wanda ba za a taɓa wakilta ba: a taron unguwa, a ma'ajin ƙungiya, a gaban sarkin zango, ko a kan dukiyar marayu. Idan za mu zaɓi wanda zai tsaya mana, mu tambayi wane ne zai faɗi saƙon yadda aka ba shi, wane ne zai san inda izininsa ya ƙare, wane ne kuma zai sauka idan zamansa ya fara ɓata sunan waɗanda suka aike shi. In amsar ta faɗa kan 'yar'uwa, sai mu ba ta, mu kuma bi ta da irin binciken da za mu bi ɗan'uwa da shi.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana.