Yumɓu a Cikin Nailan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya tsaya a gindin abin da ya saura na ganuwar Birnin Yauri ya ga yadda damina ke cin jar ƙasa. Maginan Hausa sun san maganin abin tun kaka da kakanni: a jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi ja, a kwaɓa da laka, a yi yaɓe. Makuba ke nan, ɗanƙon tsiro ya riƙe ƙasa.

Masanan Japan juya lamarin suka yi. A ƙarshen shekarun 1980, masu bincike na Toyota suka sa ƙasa ta riƙe ɗanƙo, suka zuba yumɓu cikin nailan, dangin zaren da masuntan tafkin Kainji ke ɗinka taru da shi. Ba kowane yumɓu ba, sai montmorilonait, wanda ya ci sunan wani gari a Faransa. Allah Ya tsara shi falle-falle kamar warƙoƙin littafi, kaurin kowane falle kusan nanomita 1, alhali silin gashi guda ya kai nanomita dubun-dubata. Tsarki ya tabbata ga Mai wannan ƙira!

Sai dai yumɓu abokin ruwa ne, ba ya ga maciji da yawancin robobi. Don haka akan fara shafe fallayen da gishirin amoniyam mai doguwar jela, su buɗe, sarƙoƙin nailan su kutsa tsakaninsu. In sun kutsa kawai fallayen na jere, an samu rabin biyan buƙata. In fallayen sun watse ɗaiɗai, an dace. Hasken eksire ke auna tazarar da ke tsakanin fallayen, madubin elektron kuma ya nuna ta ƙuru-ƙuru.

A ganina hikimar tana ga watsuwar, ba yawan ba. Yumɓun da bai kai kashi 5 cikin 100 ba ya ɗaga zafin da nailan ke jurewa kafin ya lanƙwashe daga digiri 65 zuwa wajen 150. Iska ma sai ta yi ta kewaye fallayen kafin ta ratsa, kamar kwalekwale tsakanin tsibirai. In kuwa aka cika hannu, yumɓun ya dunƙule, kayan ya yi gautsi, yadda tukunyar da ba a tattake yumɓunta sosai ba ke tsagewa a wuta.