Amma Hankalina A Kwance Yake

Karatu: Karin Magana 14:12

A 1999 John F. Kennedy ƙarami ya tuƙa jirginsa da dare cikin hazo bisa teku a Amurka. Jirgin ya faɗa ruwa, ya mutu tare da matarsa da yayarta. Masu bincike ba su sami lahani a injin ba. Jikinsa ne ya ruɗe shi.

Akwai ruwa can cikin kunnen mutum da ke sanar da shi in ya karkata. In jirgi ya karkata sannu-sannu, ruwan nan ba ya ji. Abin da ya fi ba ni tsoro, sa'ad da matuƙi ya daidaita jirgin, lokacin ne jikinsa zai ce masa ya karkace! Shi ya sa ake koya musu su gaskata na'ura ko jiki yana gardama.

Wani ɗan'uwa yakan ce, "Fasto, hankalina a kwance yake," alhali shekara uku ba sa ga maciji da ƙanensa. Gabar ta shigo kaɗan-kaɗan, lamiri ya saba. Ranar da Maganar Allah ta tashe shi neman sulhu, ranar ce zai ji kamar kuskure yake yi, ƙafafunsa su yi nauyi a ƙofar gidan ƙanen.